Kason Mai Agogo

Maigidana mai ɗaurin littafi ne. In littafinka ya yage, ko bangonsa ya fita, ko ɓera ya yi masa aski, wurinsa ake kaiwa. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai gyaran takalmi da kemis, ba komai ciki sai teburi, ƙarfen matse littafi, tukunyar gam, da kwalaye har rufi. A hannun kawunsa ya koyi sana'ar tun gemu bai fito masa ba, kuma bai taɓa yin wata ba. Mutum ne marar magana. In na ce marar magana, ina nufin sai mu wuni a gida ban ji komai daga bakinsa ba sai "to" da "madalla". Na haifa masa 'ya'ya, mun rena, mun aurar, duk da "to" da "madalla" aka yi.

Bai taɓa ganin teku ba. Ko ruwan sama ne ya taru a bakin layi, zagaye shi yake yi yana tattare wando. Amma wannan bawan Allah, a duniya ba abin da ya sa a ransa irin tsibiran Tekun Pasifik.

Abin ya samo asali ne wata shekara da rufin laburaren wata kwaleji ya yi yoyo. Aka kawo masa littattafai a buhuna, aka ce ya gyara masu gyaruwa, sauran ya zubar. Bai zubar ba. Ya riƙa shanya su shafi-shafi a rana, yana shanyawa idonsa yana faɗawa ciki, ashe da yawansu labarin mutanen tsibiran nan ne. Shi ke nan, ya kamu. Yanzu duk mai sayar da tsofaffin littattafai a garin nan, in ya ga wanda ke da hoton kwale-kwale da bishiyar kwakwa a bango, ajiye masa yake yi.

Ya ja abokansa uku ciki: Mai Aski, Direba da Mai Agogo. Kowace Asabar da yamma sai su jera kujeru huɗu a ƙofar shago. Matsalar ita ce littafi ɗaya ne, masu karatu huɗu, kuma ba mai haƙurin jiran wani ya gama. Sai maigidana ya kawo dabarar da mai ɗaurin littafi ne kawai zai kawo ta. Shi littafi ƙunshi-ƙunshi ake ɗinka shi, in an cire zaren sai ya rabu ba tare da ya yage ba. To sai a warware shi, a kasa huɗu, kowa ya tafi da kasonsa. Dokarsu ɗaya ce: ba mai leƙa kason wani. Ran Asabar kowa ya zo ya faɗi abin da ya gani a nasa. In sun gama, a haɗa a sake ɗinkewa.

To wa ke warwarewa, wa ke ɗinkewa? Ni. Tun da hannunsa ya fara rawa aikin zare da allura ya dawo wurina, a gida nake yi a kan tabarma. Kuma ni ba makauniya ba ce, na yi makaranta daidai gwargwado. Littafi yana buɗe a kan cinyata ina tsinke zare da reza, a ce kada in karanta? Karantawa nake yi tun daga farko har ƙarshe. In ya daɗe a hannuna, maigidana ya tambaya, sai in ce gam ɗin ne ya yi tauri. Sai ya ce, "To."

Ni ce kuma mai kai musu shayi. A nan ciwon yake. Tun daga bakin layi nake jiyo muryarsa. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya a ɗakina ba, ga shi yana buga teburi, yana dariya har hularsa tana zamewa. Wata Asabar na tarar ana ta musu. Direba ya karanta a kasonsa cewa matuƙan jiragen mutanen nan kwanciya suke yi a cikin kwale-kwale, su ji yadda igiyar ruwa ke bugun katako, daga nan su gane ta inda tsibiri yake.

Mai Aski ya ce, "Haba Direba. Kai da idonka biyu a buɗe kake ɓata a hanya, wani ne zai gane hanya a kwance?"

Mai Agogo ya ce a nasa kason an nuna wata taswira da suke haɗawa da tsinkaye da ƙananan katantanwa, tsinke igiyar ruwa ne, katantanwa tsibiri. Maigidana ya miƙe tsaye, ya kwashi tsinken tsintsiya yana gwadawa a kan teburi, bakinsa ba ya hutawa. Ni kuwa ina tsaye da butar shayi, na san amsar musun nan tana kason Mai Aski kansa, can wajen ƙarshe, bai kai wurin ba ne saboda lalaci. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Ba wanda ya dube ni. Maigidana ya miƙo kofi ba tare da ya juyo ba, na zuba masa.

Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba. Ina kishin Mai Aski da ƙaton cikinsa, ina kishin kujerar robar da yake zama a kai. Maganar da ya kamata a ce an rage mini ko 'yar kaɗan ce, duk a ƙofar shago ake rabe ta, a dawo mini da mutum fanko. Abin da nake lallashin kaina da shi shi ne, ai zaman maza ne, ba za a sa mace a tsakiya ba.

Sai Allah ya yi wa Mai Agogo rasuwa. Na yi kuka, mutumin kirki ne, shi kaɗai ke ce mini sannu in na kawo shayi. Amma da aka share makoki, kujerarsa ta zauna ba kowa, littafi kuma ba ya rabuwa uku a tsarinsu, sai zuciyata ta fara raya mini abu. Na fara jefa magana a wajen cin abinci. Na ce, "Malam, ashe mutanen nan ɓawon itace suke bugawa har ya zama tufa?" Ya ce, "Haka ne." Na ce, "Kuma wai akwai sarƙar wuya da ke yawo daga tsibiri zuwa tsibiri, ba mai riƙe ta ya ce tasa ce?" Ya ce, "Madalla." Ya ci gaba da cin abincinsa.

Asabar ta zagayo, na ɗauki shayi na tafi. Wa zan gani a kujerar Mai Agogo? Mai Kemis. Mace kamata, ta ma girme ni, ta ɗora tabarau a kan hanci, kaso na huɗu a hannunta tana juya shi kamar takardar magani. Ƙunshin da ni na tsinke zarensa da hannuna. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa, a rage mini sukari." Na rage mata. Yadda na dawo gida ban yi jifa da butar nan ba, Allah ne kaɗai ya sani.

Da ya shigo na tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Malam, ashe mace tana zama a wurin nan?"

"Me zai hana?"

"To ni me na rasa? Ido ko baki?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya, wanda ya fi zagi ciwo. Ya ce, "Ai ke kin riga kin karanta duka. Wanda ya san ƙarshe ba ya zama da mu, ba abin da zai saurara." Ya cire takalminsa ya wuce ciki.

Ashe ya sani. Duk shekarun nan ina cewa gam ne, yana cewa to. Na koma kan tabarmata na zauna. Daga baya na ce a raina, in dai karatun ne laifina, ai da sauƙi. Littafi yana kasuwa huɗu, zai kasu biyar.

Ba a daɗe ba ya shigo da wani sabo, mai kauri, bangonsa shuɗi, da hoton wata tsohuwa tana saƙa tabarmar da ake ɗaura wa kwale-kwale don iska ta tura shi. Wallahi raina ya biya. Amma na kifa shi a kan cinyata, ƙasa ta koma sama, na kafa idona a kan zare kawai. Inda hoto ya ɓullo sai in rufe shi da gefen zane. Kafin la'asar na gama. Ranar Asabar ce, na haɗa da shayi na kai shago, na ajiye masa a kan teburi a gaban kowa, na gyara tsayuwa ina jira ya lura.

Ya lura. Ya ɗaga ƙunshin, ya dube shi, ya dube ni. Sai ya juya wajen abokansa ya ce, "Jama'a, wannan ba na karatu ba ne, kada mu ɓata lokacinmu."

Direba ya ce, "Kai da ba ka buɗe ba, ya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Mai kyau kwanaki yake yi a hannunta. Wanda ya fi kyau har sai na yi ta tambaya. Ban taɓa raba muku littafi ba sai na ga ya daɗe a gida. Wannan ko wuni bai yi ba."

Mai Kemis ta ce, "Ikon Allah, ashe ke ce mai ɗanɗana mana." Suka yi dariya, Mai Aski har da tafi. Maigidana ya ɗaure ƙunshin da igiya, ya taka kujera, ya cusa shi can saman kwalaye inda yake ajiye waɗanda ba su gyaruwa. Ya sauko ya ce wannan makon sai su maimaita na tuƙin jirgi.

Na buɗe baki zan ce ban karanta ba, ko layi ɗaya ban karanta ba, don a ba ni kaso na yi. Amma tuni Direba ya ɗauko magana, maigidana ya juya gare shi da dukan jikinsa, ya miƙo mini kofi ta baya.