Ledojin Gwaggo

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Direba da hantsi ya san da zaman Gwaggo, ko bai gan ta ba ya ga shanyarta. Sauran mata zani da riga suke shanyawa, ita kuwa leda. Baƙa, fara, mai hannu, mai ratsi-ratsi, ta burodi, ta sabulu, duk a jere a igiya, kowacce an ɗaure mata wuya kamar an kama ta da laifi. In sun bushe sai ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta shimfiɗa leda a cinya, ta goge ta da tafin hannu, ta ninke ta kusurwa uku, ta cusa bakin a ciki. Mutum ya gaishe ta a lokacin nan, amsa ɗaya zai samu, ita ma a taƙaice.

Ƙanwar mahaifin Direba ce. Allah bai ba ta haihuwa ba. Mijinta kanti gare shi, kuma rabin rayuwarta a bayan teburin kantin nan ta yi shi, tana auna sukari da gishiri tana ƙullawa. A idonta aka daina naɗe kaya da takarda, leda ta shigo, kuma ita har gobe ba ta ga abin da ya kai leda mutunci ba: ba ta jiƙewa, ba ta tona asirin abin da mutum ya sayo. Da mijin ya rasu, danginsa ba su kore ta ba. Ina! Ai masu ladabi ne. Sikeli suka fara ɗauka, wai za a gyara. Sai kantocin jera kaya, wai gara ta ci su. Sai ƙofa, wai za a sa sabuwa. Ranar da layi ya zo kanta, ba wanda ya buɗe baki ya ce ta fita, ita ta duba ta ga babu abin da ya rage a wurin sai ita. Tun daga nan Gwaggo ta daina sauraren abin da mutane ke faɗa, abin da suke ɗauka take kallo.

Da gado da akwati da buhu uku na leda ta iso gidan ɗan wanta. Buhunan suka shige ƙarƙashin gado, ba a ƙara taɓa su ba, domin su ne na ajiya, masu kauri, irin na da. Na yau da kullum a kwando suke a bayan ƙofa. Girki ba ta yi, gwiwa ba ta barinta, wanki ma akwai mai wanki a bakin layi da ke zuwa ya kwasa. Amma a gidan nan ba mai fita sai ya ƙwanƙwasa mata. Yara za su makaranta, leda. Direba zai ƙunshe takalmi, leda. Matarsa za ta kasuwa, leda. Ita wannan matar, haihuwarta uku amma Gwaggo ba ta daina ce mata Amarya ba, don kada ta manta wa ya riga wa sanin Direba. Gwaggo takan tambayi me za a sa, ta zaɓo wadda ta dace, ta miƙa tare da gargaɗin a dawo da ita. Wannan ƙwanƙwasar ƙofar ita ce kuɗin hayarta, kuma ta san haka sarai.

Sai damina ta zo da ruwan da ya toshe kwatar ƙofar gida, ya juyo ya shiga har falo, ya jiƙa kujeru da littattafan yara. Da maza suka fito da shebur suna yasa, abin da ake ta tulowa a bakin titi leda ce, baƙa ƙirin, tana wari. Amarya ta tsaya da zani a ɗage tana kallon tulin, ta ce, “Wallahi daga yau na gama da leda a gidan nan.”

Ba ta kalli igiyar shanya ba da ta faɗi haka. To, wannan rashin kallon shi ya fi damun Gwaggo. Da ta kalla, ai da an san faɗa ake.

Amarya ba mace ce mai faɗa ta bari ba. Ta kwashi tsofaffin wandunan Direba da wani labule da rana ta cinye, ta kai wa tela, aka ɗinko jakunkuna masu hannu biyu. Ta buga ƙusa a bayan ƙofar kicin ta rataye su. Nama da kifi kuma roba mai murfi take tafiya da ita, mai nama ya miƙo leda ta ce ya riƙe abarsa. Yara aka yi musu 'yan ƙanana na ƙunshin makaranta. Kafin wata ya ƙare, ƙofar Gwaggo ta yi tsit. Takan ji takun mutum ya nufo, ta gyara zama, ta kai hannu kwando, sai takun ya wuce kicin.

Kuma abin bai tsaya nan ba. Kwalaben da ke bayan gida suka tafi. Kujerun da ruwa ya lalata, 'yan gwangwan suka zo suka kwashe. Wata rana da la'asar tana alwala ta jiyo Amarya na ce wa mijinta, “Baban yara, kyankyasan nan fa daga ɗakin Gwaggo suke fitowa.” Shi kuma ya ce, “Ki bar min, ni zan yi mata magana.” Washegari ya shigo, ya zauna a bakin gado, ya tambayi gwiwa, ya tambayi barci, ya yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe ya ce ƙanenta da ke wani gari yana gaishe ta, wai yaushe za ta je ta kwana musu biyu.

“Shi ya ce, ko kai ka ce ya ce?”

“Haba Gwaggo.”

“To na ji. Ka ce ina amsawa.”

Bayan ya fita ta daɗe tana kallon inda ya zauna. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske. Kwalabe, kujeru, leda. Ta taɓa ganin wannan layin, kuma ta san wanda ke tsaye a ƙarshensa.

Jakar farko da ta ɓata, ta labulen ce. Amarya ta duba ƙusa, ta duba bayan firiji, ta yi wa yara faɗa, sannan ta zo ta ƙwanƙwasa. “Gwaggo, ara min leda, na makara.” Gwaggo ta tambayi me za a sa, ta zaɓo mai hannu, ta ce a dawo da ita. Ranar har abinci ta ƙara. Jakar kuwa tana shimfiɗe a ƙarƙashin katifarta, an ninke ta tsaf, don Gwaggo ko ɓoye abu za ta yi sai ta ninke shi.

Ta biyu ta bi, ta uku ta bi. Gidan ya cika da kallon-kallo. Direba ya ce yara ne ke barowa a shago, yara suka rantse, Amarya ta fara lura da wanda ke shiga da fita. Wata safiya ta zo ta tsaya a ƙofar Gwaggo ta rage murya.

“Gwaggo, ke da kike zaune kullum, ba kya ganin mai wanki yana wucewa ta bakin kicin?”

Nan fa hanya ta rabu biyu, kuma Gwaggo ta ga dukkansu. Mutumin nan shekara da shekaru yana wanke mata zannuwa, ko allura bai taɓa ɗauka ba, in ya tsinci canji a ɗaure a bakin zani sai ya kawo. Amma ta ce, “Ni dai idona ba ya gani sosai. Sai dai ƙunshinsa yana girma kwanan nan.” Daga ranar aka daina ba shi wanki. Ya zo sau biyu ya yi sallama, aka ce babu, bai sake zuwa ba. Gwaggo takan hango shi a bakin layi yana bugun kaya, ta kawar da kai, ta ce wa ranta shi namiji ne, gidaje da yawa gare shi, ita ɗaki ɗaya gare ta.

Ranar da Direba ya dawo daga wata tafiya da buhun dankali guda, wanda ya samo da araha a hanya, ya zube shi a tsakar gida ya ce a raba wa maƙwabta kafin ya ruɓe. Ƙusar kicin babu komai a kanta. Amarya ta zo, hannunta duk ƙasa, ta ce, “Gwaggo, yau dai sai ke. Leda muke so, da yawa, masu ƙarfi.”

Kai, ina ma a ce an ga fuskar Gwaggo! Ta zazzage kwandon bayan ƙofa, bai isa ba, kuma siraran suna yagewa da an sa dankali. Sai ta miƙe da gwiwar da ba ta miƙewa, ta ce, “Ɗan nan, jawo min buhun can na ƙarƙashin gado. Fito da shi waje, kowa ya ga irin ledar da ake yi a da.” Direba ya durƙusa ya jawo, ya kai tsakar gida. Matan maƙwabta biyu sun riga sun shigo karɓar rabonsu, suna tsaye. Gwaggo ta kwance bakin buhun da kanta, ta naɗe hannun riga, ta zura hannu har gwiwar hannu.

Abin da ta damƙo ya murmushe a tafinta. Ta fito da hannun, ya yi fari-fari da baƙi-baƙi kamar ta taɓa toka. Ta sake zurawa can ƙasa, ta kamo kusurwa ɗaya, ta ɗago, rabin ya biyo ta, rabin ya zube. Shekarun zafi a ƙarƙashin gado sun cinye su ƙurmus, siffar ninkin kawai ta rage. Iska ta ɗebi ɓurɓushin ta watsa kan dankali, kan mayafan baƙi, ta kora saura bakin kwata. Kyankyasai suka fantsamo, matan suka yi tsalle suna salati.

“Ɗauko na biyun,” in ji Gwaggo.

Na biyun ma haka. Na ukun ya maƙale a can jikin bango, sai Direba ya ɗaga katifa don ya zaro shi ta sama. Ya daɗe a ciki. Da ya fito, ba buhu a hannunsa, jakunkuna ne, ta labule a sama.

Direba ya kalli ƙasa kamar shi aka kama. Amarya ta karɓi jakunkunan, ta warware su ɗaya bayan ɗaya, ta cika su da dankali, ta sallami matan nan biyu. Sannan ta jera sauran a gaban Gwaggo ta ce, “Ki raka yara su kai gidajen layi. Ni in na aika ba za a dawo da jaka ba, ke kuwa ana tsoron bakinki.”

Gwaggo ta tafi, don babu fuskar da za ta ƙi. Amma ba ta yarda da aiken nan ba ko kaɗan. Me ya sa sai yanzu? Me ya sa sai ita, mai ciwon gwiwa? Kowane gida ta shiga a tsaye ta tsaya, a juye a ba ta jaka. Aka kawo kujera ta ƙi, aka kawo ruwa ta ce ta ƙoshi. Hankalinta na kan ɗakin da ta baro a buɗe.

Da ta dawo, daga bakin ƙofa ta hango gadonta a tsakar gida. Katifa an jingine ta da bango, akwati a gefe, butarta a kai. Ta lallaba ta zauna a kan katakon gadon, ta rungume jakunkunan a ƙirji, ta jira a gaya mata lokacin tashin mota.

Amarya ta fito daga ɗakin da tsintsiya, ta ɗaure hanci da gyale, ɗakin na warin maganin ƙwari. Ta dubi tsohuwar, ta sauke gyalen.

“In ya sha iska za a mayar da gadon. Inda yake za a sa, ko kusa da taga?”

“Inda yake,” in ji Gwaggo da ƙyar.

“To. Ɗakinki ne, Gwaggo, ba wanda ya taɓa cewa ba naki ba ne.” Ta jingine tsintsiyar, ta shiga ciki ta fito da ƙunshin kayan datti, ta ajiye a gaban gadon. “Amma wannan ke za ki kai wa mai wanki. Ni na kore shi, kuma zan je in ba shi haƙuri. Sai dai ke za ki fara zuwa, ki gaya masa inda aka samu jakunkunan.”

Gwaggo ta kalli ƙunshin, ta kalli ƙofar ɗakinta, ta kalli Direba ko zai sa baki, shi kuwa ya duƙufa yana tsince ɓurɓushin leda daga bakin kwata. Daga bakin layi ana jiyo bugun kaya, tim, tim. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗauki ƙunshin, ya fi yadda ta zata nauyi.