Dami Sittin na Irin Rogo, da Yayata Tabawa

A watan Sha'aban ɗin nan da muke ciki, shekara ashirin da ɗaya ke nan da muka kai yayata Tabawa makwancinta a Ba'awa. Kowace shekara nakan yi mata sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana na ga gara in yi magana, domin akwai wani lissafi da ni da ita muka fi kowa sanin nauyinsa, ita ta tafi, ni kuma ga tsufa ya kama ni. Lissafin shi ne dami sittin na irin rogo, gida arba'in da huɗu, da bakunan da ke ci a waɗannan gidaje, waɗanda har yau ban iya ƙirga su ba. Ni na kai su bakin rami da hannuna ban sani ba. Ita ta jawo su baya.

Ni ɗan kasuwa ne, kuma ban gaji ko akuya ba. Da tallan gishiri a ka na fara, na sayi jaki ɗaya, ɗaya ya zama huɗu, ina kai dawa da gyaɗa kasuwannin Kiru da Bebeji. 'Yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, damina ta yi mana gardama, mutane suka sha wuya. Sai En'e, hukumar gargajiya ta wancan lokaci, ta aiko da doka ta hannun hakimai da dagatai cewa kowane magidanci ya ware fili ya dasa rogo, domin shi rogo a ƙasa yake kwanciya, fara ba ta ganinsa, yana nan har ranar da rumbu ya ƙare. Wanda bai dasa ba zai amsa tambaya a gaban hakimi. Dokar ba ta da laifi. Sai dai iri ne babu. Rogonmu na gida, mai zaƙi, wanda ake dafawa a ci da ƙuli ko a ɓare a ci ɗanye, 'yan tsiraru ne ke da shi, kuma kowa ya ƙanƙame nasa.

Inda wasu suka ga damuwa, ni ciniki na gani. A Kwanar Dangora na san wani direban lori mai hawowa daga Kudu, ya ce mini a can sandunan rogo zubar da su ake yi a gefen gona. Na ce ya kawo mini. Ya kawo dami sittin. Tambaya ɗaya na yi masa, ko zai tsiro a ƙasarmu, ya ce ko a kan dutse. Ban tambayi ɗanɗanonsa ba, don a wurina rogo dai rogo ne. Dagaci ya riga ya faɗa mana cewa duk irin da ya zo daga wata ƙasa a nuna wa malamin gona kafin a raba. To malamin gona sau ɗaya yake zuwa a mako biyu, a kan kekensa, sandunan kuwa bushewa suke yi. Na ce a raina wa zai zauna jiran keke kaya na mutuwa. Cikin kwana uku na sayar da su kaf, a Ba'awa da ƙauyuka biyu na kusa da mu. Rogon ya kama, ya fi namu tsawo da duhun ganye, har dattawa na sa mini albarka a ƙofar masallaci. Araha ba ta ado, amma a lokacin gani nake tawa ta yi.

Yaya Tabawa ita ce babba a ɗakinmu, ni ne namiji na farko bayan mata uku, shi ya sa ake ce mini Tanko. Aure ya kai ta Riruwai, inda mijinta ke aikin haƙar kuza, ita kuma tana dafa abinci tana sayar wa leburori. Maƙwabtanta a can matan mutanen Kudu ne, a wurinsu ta koyi abubuwan da mu a ƙauye ba mu taɓa ji ba. Da bazara ta zagayo, rumbuna sun yi ƙasa, mutane sun fara zancen tonon rogo, sai ta zo gida sunan 'yata ta fari.

Ana jibi suna, awakin maƙwabcinmu uku suka fasa shingen gonar rogonsa, suka tone wani gindi da ya fito fili suka ci. Kafin azahar duk ukun sun mutu, ciki a kumbure. Wasu suka ce maciji, wasu suka ce sammu. Yaya ta yafa mayafi ta ce in raka ta gonar. Ta sa fartanya ta ciro saiwa ɗaya, ta karya, ta ɗora a kan harshenta, ta tofar. Ta sake tofarwa.

"Tanko, wa ya kawo wannan irin garin nan?"

Na ce ni ne, har da ɗan ɗaga kafaɗa.

"Gida nawa?"

Na ce arba'in da uku. Sai ta zauna a kan kunya, ta yi salati. Ta ce wannan rogon ɗaci ne, wanda mutanen Kudu ke yin garin kwaki da alabo da shi, kuma su kansu ba sa kai shi baki sai ya kwana huɗu a ruwa. Wanda ya dafa shi yadda muke dafa namu, ko ya ci ɗanye, in da ƙarar kwana sai dai a ɗauke shi. Ta ce ta taɓa ganin iyalin wani lebura da suka yi wannan kuskure a Riruwai, kuma ba ta son ta sake gani.

Zan faɗi gaskiya, tunda don ita na ɗauki alƙalami. Abin da ya fara zuwa zuciyata ba mutane ba ne, sunana ne. Na ce mata mu rufa wa juna asiri, zan bi gidajen a hankali in saye rogon tun yana ƙasa, in ce wani attajiri ne ke so. Ta dube ni kamar yadda take dubana ina ƙarami in na saci ƙuli. Ta ce mai jin yunwa ba ya sayar da abincinsa duka, ko ya sayar sai ya rage kunya biyu don yara, kuma kunya biyun nan sun isa. Ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ban je wa dagaci a ranar ba, ita za ta je da ƙafarta, kuma za ta faɗa a tsakar gida ranar suna, gaban dangin matata.

Na je. Dagaci ya saurare ni bai katse ni ba, ya aika aka nemo malamin gona. Shi ma da ya ji sai gumi ya karyo masa, domin shi ya bi gonakin ya rubuta cewa mutanen Ba'awa sun cika doka. Ya ba da shawara a yi shela a kasuwa, a tuge rogon duka a ƙone. Dagaci ya ce rogon da aka dasa da umarnin hukuma ba shi da ikon tuge shi sai ya ji daga hakimi, kafin takarda ta je ta dawo kuwa an yi makonni. In ma an tuge, me mutane za su ci har sabon gero? Gaba siyaki, baya damisa.

Yaya tana durƙushe a bayan ƙofar zaure tana jin mu. Ta nemi izini ta yi magana.

"Ranka ya daɗe, shela maza ke jin ta a kasuwa. Doka a zaure take tsayawa, tukunya kuwa tana cikin gida. A bar rogon a ƙasa, a bar ni in shiga."

Dagaci ya ce a yi duka biyun. Sankira ya zaga da shela cewa kada wanda ya taɓa rogon Tanko sai an zo gidansa, a kuma ƙara wa shinge ƙaya saboda yara da dabbobi. Washegarin suna muka fita, ni da ita da jaki.

Kwana tara muka yi. Ni aikina in nuna gida, in zauna a waje in sha zagi, kuma na sha. Wani dattijo ya ce mini da ya san albarkar da ya sa mini a nan za ta ƙare, da ya sa wa jakina. Ita kuwa sai ta shige da wuƙa da ƙwarya. Ba ta yi wa kowa wa'azi. Takan karya saiwa ta sa uwargida ta taɓa da harshe, don a ganinta abin da harshe ya sani ba ya mantawa. Sannan ta nuna musu: a fere da kauri, a yanyanka, a jiƙa a randa kwana huɗu ana sauya ruwa har ya yi laushi, a zubar da ruwan a rami inda dabba ba za ta sha ba, a shanya ya bushe ƙarau, a daka, a tuƙa. A Ba'awa matan suka ƙi yarda cewa abin da ya kashe akuya zai ciyu. Ta jiƙa nata a gidanmu, ranar da ya yi ta tuƙa tuwo ta zauna a tsakiyarsu ta cinye malmala biyu da miyar kuka, ta ce su zauna su jira mutuwarta. Suka jira har la'asar, sannan suka nemi a ɗebo musu.

Ni kuma ina ƙirga dami, gida bayan gida. Da muka gama na arba'in da uku, lissafi ya tsaya a hamsin da bakwai. Uku babu. Na sake bi daga farko, haka dai. Sai da ƙyar wani mai suna Barau, wanda ya sayi dami biyar a hannuna, ya yarda cewa biyu ya dasa, uku ya sayar wa wani Bafulatani a kasuwar Kiru. Sunansa Gide, ya ce, daga wajen Burum-burum. Can kuwa shelarmu ba ta kai ba.

Yini ɗaya da rabi muka yi a hanya. Ban iya cin komai ba. Duk makabartar da muka wuce sai na duba ko akwai sabuwar ƙasa. Yaya tana kan jaki tana jan carbi, ba ta ce mini ga laifinka ba ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi mini zagin dattijon nan ciwo.

Muka sami rugar Gide da hantsi. Da ya ji muna tambayar rogo sai ya ɗauka hukuma ce ta aiko mu, ya fara rantse-rantse cewa shi ya dasa, Allah ne bai nufa ba. Ya ja mu bakin hanya ya nuna mana wani faƙo mai tauri kamar daɓe, an kakkafa sanduna a jere, duk sun bushe, gara ta cinye gindinsu. Ko ganye ɗaya ba su taɓa yi ba. Na ce masa ya aka yi ya dasa rogo a faƙo, ga fadama a bayan rugarsa. Da ya gane mu ba 'yan hukuma ba ne, sai ya saki jiki.

"Fadama ta shanu ce. Ni ba rogo na saya ba, zaman lafiya na saya. Na kafa su a nan ne don ɗan doka in ya zo wucewa ya gani."

Yaya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana share hawaye da bakin mayafi. Matar Gide ta kawo mana nono da fura, na sha ƙwarya guda ban ɗago ba. Ban taɓa zaton zan gode wa Allah saboda gara ba.

Hakimi ya kira ni daga baya. Ya yi mini faɗa a gaban jama'a, ya hana ni cinikin kowane irin shuka har damina biyu, ya ce in biya maƙwabcina awakinsa. Na sayar da jaki ɗaya na biya. Shekarar da ta biyo baya iri mai zaƙi ya zo ta hannun malamin gona, amma wasu matan suka hana mazajensu tuge mai ɗacin, wai shi ɓarawo da biri ba sa taɓa shi.

Yanzu ina da rumbunan ajiya a Kwanar Dangora, kuma ina ganin abin da ke shiga kasuwa. Ana zuba wa wake maganin ƙwari don ya kai bazara, a fito da shi tun warin bai fita ba. Ana kawo irin masara da aka rina da magani don shuka, in ya yi kwantai sai wani ya wanke shi ya kai wa masu niƙa. Ina ji a rediyo ana ta kiran majalisar jiha ta tsaurara doka a kan irin waɗannan, kuma ina goyon baya, don ni na san abin da tsallake doka ya kusa jawo mini. Amma nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da tana nan. Ba za ta yi musun dokar ba, ba ta taɓa raina hukuma ba. Na tabbata dai za ta tambaya wa zai shiga cikin gida. Mai dafa waken nan ba ta karanta takardar gwamnati, ba ta zuwa taron 'yan kasuwa, kuma ita ce ta ƙarshe da abincin ke bi ta hannunta kafin ya shiga bakin yaro. In kunne ya ji jiki ya tsira, amma sai an kai maganar inda kunnen yake.

Yaya ba ta yi karatun boko ba, ba ta bar gona ko gida ba. Abin da ta bari, a Ba'awa har yau akwai tsofaffin da in an kawo rogon da ba su san asalinsa ba sai sun taɓa da harshe, jikokinsu na yi musu dariya ba su san mafarin abin ba. Ni kuma ta bar mini ƙa'ida ɗaya da na gina kasuwancina a kanta: abin da ba zan sa a tukunyar gidana ba, ba ya hawa sikelina.

Ga yadda cinikin ya tashi. Na yi asarar jaki ɗaya, da damina biyu, da sunan da ubana ya raɗa mini, don har gobe a kasuwar Kiru in ba ka ce Tanko Mai Ɗaci ba, ba wanda zai nuna maka ni. Awaki uku sun mutu. Gida arba'in da huɗu kuwa, ba a haƙa kabari ko ɗaya ba. Na yi shekara fiye da arba'in ina saye da sayarwa, ban taɓa cin riba irin wannan ba, kuma ba ni na ci ta ba. Allah Ya jiƙan Tabawa, Ya sa ta tarar da ribar nan a can cif, ba ragi.