Surukina da Jirgin Katako

Surukina ya zo Kuala Lumpur ne domin a cire masa yanar ido, da niyyar ya yi mako shida ya koma Yawuri. An yi aikin lafiya, ido ya washe, saura 'yan kwanaki ya tafi sai aka rufe ƙasa saboda korona. Haka muka wayi gari mu huɗu a gida mai ɗaki biyu, hawa na goma sha ɗaya a unguwar Wangsa Maju: ni da matata da 'yarmu ƙarama, sai kuma mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa zama gabansa na minti goma ban sunkuyar da kai ba.

Abin da na sani game da shi kaɗan ne. Dillalin busasshen kifi ne, mai loda wa motocin kudu kaya, mutum mara yawan magana. Ni kuwa karatun digiri na uku ya kawo ni, a fannin injiniya, kuma kulle ya mayar da karatun nawa cikin kwamfuta a kan teburin cin abinci. Idan ya fito falo sai in tattara in koma ɗaki. Idan na fito shi kuma sai ya ja kujerarsa zuwa baranda. Nan yake wuni, yana kallon wata babbar magudanar ruwa da ta ratsa bayan benayen. Bai taɓa kokawa ba, amma abincinsa ya ragu, har matata ta fara ɓoye hawaye a madafa.

Da aka sassauta kulle bayan ƙaramar Sallah, ita ta ce in riƙa fita da shi yana miƙe ƙafa. Muka soma fita bayan la'asar, yana gaba ina biye, kowa da takunkuminsa. Wata rana muka zarce har bayan Taman Melati, inda gidaje suka ƙare, muka tarar da wata doguwar rumfar kwano. Wani tsoho ɗan Malay, gajere mai farar hula, yana zaune shi kaɗai a tsakiyar katako. Kafinta ne mai yi wa gidajen abinci tebura. Gidajen abincin sun daina saye, ma'aikatansa kuma sun watse. Pak Cik na kira shi, kamar yadda ake kiran kowane dattijo a can, kuma da wannan sunan muka san shi har muka rabu.

Baba, wato surukina, ya tsaya cak a bakin rumfar. Ya matsa wajen wasu dogayen alluna da aka jingine, ya sauke takunkumi ya sansana ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kara kunne.

"Malam," in ji shi, haka yake kirana, "tambaye shi, wannan icen yana jure ruwa?"

Na tambaya da guntun Malay ɗina haɗe da Turanci. Tsohon ya yi dariya har takunkuminsa ya zame. Ya ce ai icen jirgi ne, asarar sa ake yi a tebur. Shi ɗan bakin kogi ne a jihar Pahang, kuma mahaifinsa jiragen kamun kifi yake yi. Na fassara wa Baba. Ya ce, "Ce masa ni ma."

A hanyar komawa ya yi mini magana mafi tsawo da ya taɓa yi. Ashe tun yana yaro yake sassaƙa jirgi tare da mahaifinsa a bakin kogin Kwara, har ya kai shekara talatin. Bayan rasuwar mahaifin nasa ya ajiye gizago ya kama fataucin kifi, bai sake taɓawa ba. Da na faɗa wa matata, ta ce wallahi ba ta taɓa ji ba.

Washegari shi ya riga ni saka takalmi. A zuwanmu na uku Pak Cik ya ce ƙaninsa na ƙauye jirginsa ya ruɓe, ga katako yana zaune, ga su su biyu suna zaune. Ya dubi Baba ya ce, "Boleh?" Wato zai yiwu? Ita ce kalmar Malay ta farko da Baba ya koya, kuma bai jira fassarata ba. Ya ce, "Boleh."

Na yi tayin in zana musu jirgin a kwamfuta, da awo da komai. Baba ya sa mini albarka, sannan ya ɗauki gawayi ya ja layi guda a kan simintin rumfar. Ya auna tsawonsa da gaba, faɗinsa da kamu da taƙi, ya ƙulla wa wata igiya ƙulli biyar. Wannan igiyar ce duk zanen da aka yi wa jirgin. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, amma gaba da baya sun ɗaga sama kamar jinjirin wata. Pak Cik bai so hakan ba da farko, su nasu ya fi miƙewa. Baba ya sa na gaya masa cewa jirgin da zai bi ruwa mai gudu, mai duwatsu, ba a so ya kwanta wa ruwa da dukkan jikinsa. Cikinsa kaɗai zai zauna, don in an ce masa juya ya juya nan take. Pak Cik ya ɗauki ɓawon kwakwa ya sa a bokitin ruwa, ya juya shi da yatsa, ya dubi Baba. Baba ya gyaɗa kai.

Ranar da aka fara lanƙwasa allunan gefe, ita ce ba zan manta ba. Da hantsi suka hura wuta da ɓawon kwakwa, suka gicciya allo a kanta, gefe ɗaya a ɗaure, ɗaya gefen an rataya masa duwatsu. Aikina shi ne shafa wa icen jiƙaƙƙen tsumma kada ya ƙone. Katako ne mai kauri da sai mutum biyu ke ɗaga shi, a aji kuwa na sha lissafa irin nauyin da zai karya shi. Baba ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya lumshe ido. Pak Cik ma ya ɗora nasa a can ƙarshe. Wuta na ta ƙara, jirgin ƙasa na wucewa can nesa. Sai kawai na ji sun yi magana lokaci guda, kowa da harshensa, wannan ya ce yanzu, wancan ma ya ce yanzu. Suka danna a hankali. Ina kallo allon nan ya sunkuya kamar an roƙe shi, ya bi layin gawayin da ke ƙasa, ya tsaya. Da suka juya baya na ɗauko tef na auna shi da abokinsa da aka lanƙwasa daga baya. Bambancinsu bai kai kaurin farce ba.

A allo na huɗu na ga kamar na gane abin. Da icen ya ɗau zafi na riga su dannawa. Ya yi wata ƙara, ya tsage daga tsakiya. Na tsaya riƙe da tsumma, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Pak Cik ya ja tsaki. Baba ya duba tsagar, ya ce ba komai, dama ana buƙatar wurin zama. Ya yanka shi uku, kuma a kan ɗaya daga ciki na zauna ranar da muka shiga ruwa.

Gardamarsu babba a kan ƙusa ce. Baba ya saba haɗa allo da ƙusoshi da faifayen ƙarfe, a toshe tsakani da auduga da mai. Pak Cik ya ce ƙarfe ba zai shiga jirginsa ba, tsatsa ke cin ice. Kwana biyu ina fassara musu magana ɗaya har na gaji, su ma suka gaji da ni. A rana ta biyu Pak Cik ya ɗauki guntayen katako biyu, ya huda gefensu, ya fiƙe 'yan turakun ice kamar yatsu ya zura. Tsakaninsu ya shimfiɗa ɓawon wata bishiya mai laushi kamar tsohuwar takarda, ya buga da guduma suka haɗe, ya jefa cikin bokiti. Da safe ya miƙa wa Baba. Baba ya ja, ya murɗa, ya taka da ƙafa ya ja, ko motsi. Ya ɗaga shi saitin rana yana neman inda haske zai ratsa, bai samu ba.

"Gaya masa," in ji shi, "wannan ya fi namu."

Daga nan fassara ta kusan ƙarewa. Wannan zai miƙa hannu, wancan ya sa masa abin da yake nema. Baba na sassaƙa haƙarƙarin jirgin da gizago, ɓarɓashi na tashi siriri kamar ana feraye kabewa, kuma bai taɓa sara sau biyu a wuri ɗaya ba. Nakan bar karatuna in zauna ina kallon hannuwan nan kawai, waɗanda a da ban san su da komai ba sai jan carbi. Da azahar matar Pak Cik kan aiko da shinkafa da miyar kifi a faranti guda. Ranar farko na noƙe na ce na ƙoshi. Pak Cik ya daka mini tsawa ya ce makan, wato ci, Baba kuma ya matsa ya ba ni wuri bai dube ni ba. Haka na fara cin abinci kwano ɗaya da surukina.

Sun yi kusan mako bakwai. Lokacin da suka gama an riga an buɗe hanya tsakanin jihohi, sai muka ɗora jirgin a tsohuwar motar kayan Pak Cik, muka haura duwatsu zuwa ƙauyensu. Kogin faffaɗa ne, ruwansa ja kamar shayi, daji ya sauko har bakinsa. Ƙanin Pak Cik da maƙwabta suka taya mu turawa. Jirgin ya zauna a kan ruwa daram, amma ba a jima ba na ga ruwa na tsattsafowa ta tsakanin alluna. Na nuna wa Baba. Ya ce in bar shi, ƙishirwa yake ji. Muka bar shi ya kwana a ɗaure. Da safe aka kwashe ruwan da kwano, icen ya kumbura ya matse ɓawon nan, ko ɗigo bai sake shiga ba.

Mu uku muka shiga. Pak Cik a gaba da birgi, ragar nan da ake jefawa, ni a tsakiya na ƙanƙame gefe da hannu biyu, Baba a baya da filafili. Bai yi tuƙi ba. Ya ture gaɓa da ƙafa, ya bar ruwa ya ɗauke mu. Sai jefi-jefi ya tsoma filafilin, ya ɗan karkata shi, jirgin ya amsa kamar doki mai jin linzami. Mutumin da nake riƙe wa hannu a matakalar tashar jirgin ƙasa, ga shi tsaye a kan ruwan da bai taɓa gani ba, yana nuna wa ɗan garin inda kifi ke kwance. Zai nuna wani wuri da ni ban ga komai ba sai ruwa, Pak Cik ya jefa, a jawo da motsi a ciki.

Can gaba kogin ya matse, na fara jin rurin ruwa. Duwatsu ne baƙaƙe, ruwa na farfasawa a kansu. Pak Cik ya juyo yana magana da sauri yana nuna gaɓa, a tsaya a ja jirgin da igiya kamar yadda suka saba. Na buɗe baki zan fassara.

"Na ji shi," in ji Baba. "Zauna sosai, Malam."

Ya kafa filafilin ya rage mana gudu, har ruwa ya riƙa wuce mu. Jirgin ya tsaya yana rawa a bakin gangaren, Baba na duban ruwa. Sai ya sake shi. Muka nufi wani dutse kai tsaye, na fara salati, ya tsoma filafilin sau ɗaya, jirgin ya juya a kan cikinsa, dutsen ya wuce ta gefena har ina ganin gansakukar da ke jikinsa. Ya sake tsomawa ta ɗaya gefen, muka zame tsakanin wasu biyu, ruwa ya fantsamo mana, sai ga mu a wuri mai faɗi, shiru. Pak Cik ya cire hularsa ya goge fuska, ya daɗe yana kallon Baba. Sannan ya miƙa masa birgin da hannu biyu.

Baba ya yafa ragar a kafaɗa, ya kama gefe da haƙori, ya juya ya saki. Ta buɗe a sama zagaye guda, ta sauka kan ruwa gaba ɗaya lokaci guda. Ya jawo wani ƙaton kifi mai gashin baki, ya ce ɗan'uwan ƙurungu ne. A lokacin na fara jin dariyarsa, ta fito daga ciki sosai, har tsuntsaye suka tashi daga gaɓa.

Jirgin ya zauna a ƙauyen wurin ƙanin Pak Cik. Baba ya koma gida da aka fara barin jiragen sama su tashi. A ƙarshen shekarar da ta biyo baya aka yi ruwan sama na kwanaki, kogin ya cika ya shiga gidaje. Bayan ruwa ya janye Pak Cik ya kira ni, ya ce da jirgin nan aka yi ta kwashe tsofaffi da yara zuwa makarantar da ke kan tudu, ta cikin bishiyoyi da rufin gidaje, inda manyan jirage suka kasa juyawa. Ya ce lallai in gaya wa abokinsa.

Na kira Yawuri bayan sallar asuba ta can. Baba ya saurara har na gama, ya yi hamdala, ya tambayi lafiyar mutanen ƙauyen. Sannan ya ce in tambayar masa ko allon baya na hagu ya yi yoyo, don akwai wani ƙulli a jikin icen da tun farko bai kwanta masa ba. Na tambaya. Pak Cik ya ce bai yi ba.