Mai Kunne da Kukan Aksil

Tsoro ya kama Auta ne a kan kwalta, tana zaune a kujerar baya, ranar da suka fita gwajin mota. Baba ya sa giya ta uku ya taka totur, sai wani siririn kuka ya taso daga ƙarƙashin kujerarta, wiii, kamar ana wasa wuƙa a inji. Yana ƙara wuta, kukan na ƙara tsini. Ta buɗe baki za ta yi magana ke nan, Baba ya kalle ta ta madubi, fuskarsa fal murmushi.

"Farfesa, kin ji ko? Tsit! Kamar ba a taɓa buɗe ta ba."

Ta ƙura masa ido ta ga ko zolayarta yake yi. Ba zolaya ba ce. Har kaɗa kai yake yana buga sitiyari da yatsa. A nan ta gane mahaifinta ba ya jin abin da take ji, kuma da wannan motar zai je ɗauko Yayarta mai tsohon ciki.

Duk unguwar ba mai kiran Baba da sunansa na yanka, Mai Kunne ake ce masa. Da yaron mota ya fara, ya zo ya zama direba a wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse. Shi ke jan jif ɗin da ke shiga gaba, mai ja da ƙafa huɗu, yana nemo wa manyan motoci hanya a daji. In an kafa injin haƙa, sauran direbobi su nemi inuwa su miƙe ƙafa, shi kuwa yana gindin injin tun safe har yamma, wai yana sauraron lafiyarsa. Da kamfanin ya rufe, aka sallame shi da jif ɗin. Tun daga nan ba bakaniken da ya taɓa sa mata sifana. Komai nata a tsakar gida ake yi, ƙarƙashin rumfar da Umma ke shanya.

Sunan kuwa ba a banza ya same shi ba. Yana cikin wanke hannu a bakin famfo mota za ta wuce a layi, sai ya ɗaga kai ya ce, "Ku gaya wa mai kawo burodi boris ɗinsa na gaba ya gaji." A je a duba, a tarar haka ne. Mutane kan kawo masa mota ba don ya gyara ba, don dai ya saurara. Ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin ƙarfe, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido, kowa ya yi shiru har yara.

Da Auta ta gama jami'a ta dawo gida zaman jiran aiki, Baba na tsokanarta da Farfesa, ta tarar da wasu abubuwa sun sauya, amma ba ta haɗa su wuri guda ba. Rediyon Baba har maƙwabta suna jin labarai da ita. In kana masa magana bakinka yake kallo. Ita ma jif ɗin tana wani gurnani a baya, Auta ta ɗauka ya sani, jira yake ya samu sarari. Sai ran nan yana shigowa layi aka ji ƙas, motar ta tsaya cak. Da ya buɗe kwanon aksil na baya, inda giyar da ke juya ƙafafun motar take, guntayen haƙora suka biyo baƙin mai suka zubo cikin tasa.

"Ba ta yi min gargaɗi ba," in ji shi, yana juya guntun ƙarfe a tafin hannu. "Ko tari ba ta yi ba."

Umma, da ke tsaye da tsintsiya, ta sunkuya ta ci gaba da shara.

Lokacin kuwa bai yi daɗi ba. Yaya tana wani ƙauye can bayan kogi inda mijinta ke koyarwa, kuma likita ya ce wannan haihuwar sai a babban asibiti, kada a kuskura naƙuda ta same ta a gida. Damina ta yi nisa. Daga inda kwalta ta ƙare sai taɓo da yashi, ƙananan motoci sun daina shiga, babur kuwa ba abin hawan mai tsohon ciki ba ne. Jif ɗin Baba ce kawai.

Ya samo sababbin haƙora, babban faifai da ƙaramin da ke juya shi, ya ɗaga bayan motar a kan kututture, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Auta ce mai miƙo kaya, tunda ita ce ba ta da wurin zuwa. Gidan ya cika da warin man giya, har a ruwan sha sai ka ji shi.

"Malam, tasar wankina ce fa wannan!" in ji Umma.

"Aro na yi."

"Haka ka ce da waccan. Tana ina yanzu?"

Bai amsa ba, ƙila don bai ji ba, ƙila don ya ji. Can kuma ya aiki Auta ta ɗauko masa jan-bakin Umma a kan madubi. Ya shafa wa haƙoran babban faifan, ya juya da hannu, don ya ga inda ƙaramin ke cizo. In cizon ya sauka a tsakiyar haƙori, aiki ya yi. Nasu kuwa can bakin haƙori ya sauka. Ya kwance, ya ƙara siririyar washa, ya ɗaure, ya shafa, ya juya. Cizon ya matso kaɗan. Ya sake kwancewa. Haka suka yi ta yi har jan-bakin ya kai gindi, gwiwoyin Auta suka yi kanta a kan siminti. A ƙarshe washar da ake bukata, mai siranta kamar takarda, babu ita a akwatinsa, babu ita a shagunan gari, sai an yi saƙo. Baba ya sa almakashi ya yanko ta daga gwangwanin madara.

"Baba, har yanzu bai zo tsakiya sosai ba," Auta ta ce, tana haska masa da waya.

"Ido kusa yake kai mutum, Farfesa. Kunne ke ƙarasawa. In mun hau titi ita da bakinta za ta faɗa min."

To, ga shi sun hau titi, ta faɗa, bai ji ba.

Suna dawowa gida Auta ta durƙusa ta taɓa kwanon aksil ɗin, ta janye hannu ba shiri. Ta ce masa da zafi. Ya ce sabon haƙori dole ya yi ɗumi kafin ya saba da ɗan'uwansa. Ta ce ta ji kamar wani ɗan sauti. Ya yi dariya ya ce taya ce, ita da ta saba da shirun ɗakin karatu ko sauro ya wuce sai ta ce jirgi ne.

Ta sami Umma a kicin, ta jawo ƙofa.

"Umma, motar nan kuka take yi, Baba ba ya ji."

"Rage murya."

"In rage don wa? Ai ba zai ji ba!"

Umma ta ajiye wuƙa ta juyo. "Ke yau kika sani. Ni tun bara nake zaune da abin nan. Kin ga na bar shi ya yi doguwar tafiya shi kaɗai? Duk hon ɗin da aka yi masa a hanya ni nake taɓa gwiwarsa."

"To ki gaya masa mana."

"In ce masa me? Mutumin da ko a wurin biki ba a san shi da wani suna ba sai Mai Kunne? In na karɓe wannan, me zan ba shi ya riƙe?"

"Yaya fa?"

Umma ta koma kan albasarta. "Ki bar ni in ji da abu ɗaya," ta ce, idonta na ruwa, ta ɗora wa albasa laifi.

Auta ta yafa mayafi ta tafi wurin Mai Gareji a bakin titi, wanda tun yana saurayi yake zuwa gidansu kallon aiki. Ta kwatanta masa kukan, har da kwaikwayo, yaransa na ƙunshe dariya. Ya goge hannu da tsumma ya ce cizon ne bai zauna ba, ko kuma an matse boris fiye da kima.

"Za ta kai su?"

"Ƙanwata, irin wannan wata ta yi shekara tana kuka tana tafiya. Wata kuma yini guda haƙoran su cinye juna, ko ta ƙwame a tsakiyar hanya."

"To ka zo ka gaya masa."

"Ni? In shiga gidan Mai Kunne in ce masa motarsa na kuka? Shi fa ya koya min riƙe sukundireba. Ki rufa min asiri."

Ta fito ranta a dagule. Kowa ya sani, kowa na jin nauyi, ita da aka ɗora wa karatu kuwa ba abin da takardarta ta iya da aksil. Ta kira mijin Yaya, wayar ba ta shiga ba, don a ƙauyen sai an hau tudu ake samun layi. Ta tambayi masu motocin haya a tasha, duk wanda ta ambata wa sunan hanyar sai ya girgiza kai ya ce sai rani.

Washegari da safe Baba ya kwantar da kujerar baya, ya shimfiɗa katifa saboda Yaya. Ya sa igiya, shebur, jarkar man giya, akwatin sifanu. Yana ta fito da baki, abinsa. Auta na tsaye a bakin rumfa.

"Baba, don Allah a sake buɗe ta."

Bai juyo ba. Ta matsa ta maimaita. Yana ta ɗaure igiya. Sai kawai ta ji muryarta ta fita da ƙarfin da ba ta taɓa yi masa magana da shi ba.

"Baba, aksil ɗin kuka yake yi! Kowa na ji! Kai ne ba ka ji!"

Matar maƙwabci da ke shanya a bayan katanga ta tsaya da hannu a sama. Umma ta fito bakin kicin. Baba ya saki igiyar, ya juyo a hankali.

"Wannan kam na ji," ya ce.

Auta ta so ƙasa ta tsage. Ya daɗe yana kallon motar, ba ita ba. Sannan ya zauna a kan kututturen da ya ɗaga ta da shi, ya ce ta matso.

"Yaya kukan yake? Mai kauri ko siriri?"

"Siriri."

"In na taka ko in na saki?"

"In ka taka."

Ya gyaɗa kai, kamar likitan da aka karanta wa sakamakon gwajin kansa. Ta ɗauka shi ke nan, zai ce a kawo jak. Sai ya ce, "Ko na buɗe, da me zan gyara? Washar sai an yi saƙo, cikin 'yar'uwarki kuwa ba zai jira saƙo ba. In ruwa ya ƙara sauka kogin ma rufewa zai yi. A hankali zan tafi. In ƙafar baya ta mutu, in kwance ta, ta gaba ta jawo mu."

"A cikin taɓo? Da ƙafa biyu?"

"Kina da wata motar, Farfesa?"

Ba ta da ita. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan: ta faɗi gaskiya, ta kunyata shi a gaban maƙwabta, kuma ba abin da ya sauya. Ta ce to a tafi da ita. Ya ce ba wuri, katifa ta cinye baya. Umma ta riga ta fito da jakarta, ta buɗe gaba ta zauna, ta ce wa Auta ta gyara wa Yaya ɗaki, ta wanke labule, kada su dawo su tarar da warin mai.

Baba ya tayar da mota. Kafin ya ja, ya leƙo ta taga ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "In aksil ɗin ya sauya murya ki gaya min." Da Umma yake. Auta ta bi su har bakin layi, tana jin siririn kukan nan har suka sha kwana.

Da rana ta ɗaga Umma ta kira daga inda kwalta ta ƙare. Ta ce lafiya lau, sun tsaya sau da yawa aksil ɗin ya huce, Baba ya duba mai bai ragu ba. Suka ci gaba da tafiya tana kan layi, kuma a bayan muryarta Auta ta ji kukan. Ya yi kauri, akwai wani gurza-gurza a cikinsa da babu shi jiya.

"Umma, ya sauya! Ki gaya masa ya sauya!"

"Na gaya masa. Ya ce..."

Layin ya yanke. Ta kira, ta sake kira, ba ya shiga.

Ta wanke labulen. Ta share ɗakin Yaya, ta sake sharewa. Ta kwashe kwalin da ke ƙarƙashin rumfa, ta zuba yashi a kan tabon mai, ta rasa abin yi ta zauna a kan kututture da waya a cinya. Mai Gareji ya aiko a tambaya ko an ji wani abu. Matar maƙwabci ta leƙo ta ce Allah ya kai su lafiya, ta ƙi haɗa ido da ita.

Da yamma mijin Yaya ya hau tudu ya kira. Ya ce ba su iso ba, kuma an yi ruwa a wajen kogi. Yaya na nan lafiya, bayanta ne kawai ke ɗan ciwo tun rana. Ya ce ya ari babur zai bi hanyar ya tarye su, duk inda ya samu layi zai kira.

Bai kira ba tukuna. Wayar Umma ba ta shiga, ta Baba ma haka. Har yanzu Auta ba ta san inda motar take ba.