Ƙafar Kekena a Shagon Al Asmakh

Jama'a, yau na ga abin da ya hana ni cin abinci!

Kun tuna an kwance min ƙafar kekena ta gaba a ƙofar gidanmu a Mansura? Tun ranar jirgin Metro nake bi, ga cunkoson 'yan kallon ƙwallo. Sau biyu na makara aikin gadi, an ce na uku khalas, sallama ce.

Ɗazu na tura keken wurin mai gyara a unguwar Al Asmakh. Na ce ya ba ni ƙafa mai lamba 26. Ya duba rim ɗin ƙafar baya, ya ce, "26 iri-iri ne. Naka 590 ne, na kasuwa 559. Amma jiya wani ya kawo irin naka, tayar da ya sayo ta ƙi hawa kansa."

Ya ɗauko. Innalillahi! Rim ɗina ne! Ga jan fentin da na shafa masa lokacin kullen korona.

Na ce, "Wa ya kawo?"

Ya nuna min lambar wayar da aka bari.

Mai lambar yana cikin gurup ɗin nan. Shi ya raka ni cigiya. Malam, na ga ka karanta.