Tukuicin Malam Jumare

Zamanin da Baturen Gona ke yawo bisa doki yana duba auduga, an yi wani dattijo a Paki, Malam Jumare. Ɗinkin hula ne sana'arsa, surutu kuwa gadonsa ne. Hular kansa wata bakwai ya yi yana ɗinkinta, matarsa Lantana takan ce ko ruwa ya sauko, hular yake fara ɓoyewa kafin ya tuna da awaki.

Shi aka zaɓa ya koya wa Baturen Hausa. Mai Lofe mutane ke kiran Baturen. Duk ranar kasuwa sukan zauna a gindin tsamiya, Jumare na bayani kamar alƙali.

"Ranka ya daɗe, bayarwa ba ɗaya ba ce. Tsaraba ta matafiyi ce, gudummawa ta biki. Kyauta kuwa kowa a tsaye yake. Sadaka ce ake miƙa wa na ƙasa."

Mai Lofe ya ce su ma haka a Turanci, ya jero masa kalmomi huɗu. Jumare ya gwada, harshe ya harɗe.

"Naku duk kamar mutum na cin tuwo da zafi. To, yaya kuke gane kyauta da sadaka?"

Bature ya ce a littafi suke dubawa. Jumare ya yi dariya har da tari.

"Mu a ƙofar gida muke ganewa. Wanda aka aiko da kyauta, dole ka ba shi tukuici. Ɗan aiken sadaka addu'a kawai yake samu."

Shekarar da fara ta sauka, ba ta bar ko zangarniya ɗaya daga Paki har Malikanchi ba. Aka kawo hatsin agaji Ikara, Mai Lofe na tsaye ana rabo, kowa da ƙwaryarsa a layi.

Lantana ta ce, "Malam, ka je mana. Liman ma ya je."

"Liman bai koya wa Bature Hausa ba. In tsaya da ƙwarya gaban ɗalibina?"

"To, sai in dafa mana hular."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta riƙa dafa tafasa da ɗan garin da ya rage, ta tura masa akushi, ta ce ita ta ci a maƙwabta. Ya yarda, don yana so ya yarda. Da zazzaɓi ya zo mata, bai tarar da jikin da zai yi kokawa da shi ba. Ranar Alhamis aka kai ta makwancinta.

Ana zaman makoki, kwana na uku, sai ga Mamuda masinjan Bature da jaki, buhun dawa a bisa. Ya durƙusa ya yi ta'aziyya, don a hanya ya ji labari.

"Baba, mako uku Mai Lofe na duba layi bai gan ka ba, sai ya gane dalili. Ya ce in gaya maka da kyau: kyauta ce, ba ɗayar ba."

Jumare ya daɗe yana kallon buhun.

"Ɗalibin ya iya karatu," in ji shi. "Malamin ne daƙiƙi."

Ya shiga gida ya duba, babu kaza, babu ko goro ɗaya. Ya fito, ya cire hular a gaban dattawa ya miƙa.

"Haba Baba, bar ta! Wa ke maganar tukuici yau?"

"Karɓi, Mamuda. Kada ka mai da ita sadaka."

Mamuda ya karɓa da hannu biyu. Jumare ya kwance bakin buhun da kansa, ya ce duk mai ƙwarya ya matso, a yi wa Lantana addu'a. Bai rage ko tsaba ba.

Ya yi shekara shida bayan nan yana ɗinka wa mutanen Paki huluna, kansa a buɗe. In baƙo ya tambaye shi dalili, sai ya shafa furfura ya ce hula zafi take sa masa.