Jan Fenti a Bangon Zaurena

Na sha wahala a kan zauren nan, kuma har yau ban san wanda zan ɗora wa laifin ba. Ni mai wanki da guga ne. Karatuna na allo ne, sai ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa in aka shimfiɗa mini zanen gini ba na gane samansa da ƙasansa.

Abin ya faru bayan yaƙin basasa, wajen shekarar da aka ce motoci su bar hagu su koma dama. Kaduna ta cika ta batse a lokacin. Kullum jirgin ƙasa sai ya sauke mutane da tabarmi da akwati, kuma ba mai komawa. Muna zaune a gefen Abakpa cikin gidan ƙasa da na gina da hannuna, sai aka ce za a faɗaɗa hanya, gidan yana kan layi. Aka rushe shi, aka ba mu fuloti a wani sabon awo can arewa, inda da gonakin dawa ne. Mai ɗakina da yara suka koma Rigasa wajen ƙaninta, wani tela, kafin in gama gini.

Masu awo sun kafa turakun siminti a kusurwoyi, suka nuna mini, suka ce daga nan zuwa nan naka ne. Wannan na gane shi sarai, don ko a ƙauyenmu haka ake shaida iyaka, sai dai mu itace muke dasawa.

Birkilan da na ɗauka shi ya karɓo zanen daga ofishin masu tsara gari. Da ya zo jan igiya sai na ga ya bar ƙaton fili tsakanin titi da inda zai haƙa tushe. Na ce, "Kai, wannan fa?" Ya ce haka zanen ya nuna, in bai bari ba mai duba gini ba zai yarda a ɗora bulo ba. Na ce to madalla, ashe masu zanen sun san abin da suke yi, sun bar mini wurin zaure. Ya dube ni, ya ci gaba da buga fegi.

Da ɗakuna suka tashi, mai ɗakina ta zo gani tare da ƙanin nata. Ba ta ma shiga ba. Ta tsaya a kan titi ta leƙa. Ƙofar gidan a miƙe take, daga titi ido ya wuce har inda za a kafa murhu.

Ta ce, "Malam, daga nan har madafa nake hangowa."

Na ce, "Ai ba a gama ba."

Ta ce, "To a gama. Ni ba zan zauna a baje kamar tumatir a faifai ba, duk mai wucewa ya san abin da na ɗora. In baƙo ya yi sallama, a ina zai tsaya? A kaina?"

Telan ya kwashe da dariya. Dama wasa muke da shi, ba ya raga mini. Ya ce, "Mijin Yaya ya zama Bature. Saura ya sayi kare ya ɗaure a ƙofa." Na ce ya rufe mini baki, shi da ko lungun gidansa mota ba ta shiga. Ya ce, "Mota ba ta shiga, ido ma ba ya shiga. Yaya, mu tafi."

Suka tafi. Magana ta tsaya a kan cewa sai an yi zaure za ta tare. Ban ga laifinta ba. Uwata ma da haka za ta ce.

Na kwaɓa ƙasa na yi tubali, ina dawowa daga wanki ina ɗorawa kaɗan-kaɗan. Na ja zauren daidai bakin turakun, ban tsallake ko taki ɗaya ba. Na karkata ƙofar ciki yadda ba za ta dubi ta waje ba, na sa kwano, na yi dakali. Kusan kowa a layinmu haka ya yi. Maƙwabcina na hannun dama wani dattijon malami ne daga wajen Zariya, nasa zauren ya fi nawa girma, don a ciki yake ba da karatu, a ciki kuma muke salla kafin a gina masallaci.

Ranar da na ce zan aika Rigasa su shirya, na dawo da yamma na tarar da jan fenti a bangon zaurena. Layi biyu, ɗaya ya gicciye ɗaya. Na Malam maƙwabcina ma haka, duk layin haka.

Muka taru muna kallo. Wani ya ce alamar ƙidayar gidaje ce. Wani ya ce ta masu jawo ruwan famfo ce. Wani direba da ya zauna a Ikko ya ce rushewa za a yi, kuma wanda fentinsa ya fi girma da shi za a fara. Nan kowa ya koma yana auna nasa da tafin hannu. Malam bai auna ba. Ya sa aka kwaɓa farar ƙasa ya shafe nasa. Da ta bushe jan ya sake fitowa ta ƙarƙashi, ya ƙara shafewa, ya sake fitowa.

Na je ofishin masu tsara gari ban san sau nawa ba. Wannan ya ce ba nan ba ne, wancan ya ce mai aikin ya fita. Duk ranar da na je, wankin mutane yana jiƙe yana jirana. Daga baya na kama mai duba ginin a layinmu da kansa, yana kan babur. Saurayi ne, ba shi da rashin kunya, sai dai a gajiye yake kamar ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, zo ka ga turke. Na wuce shi?"

Ya ce, "Ba ka wuce ba, Baba."

"Wurin nan nawa ne?"

"Naka ne."

"To me na yi?"

"Naka ne, amma ba a gini a cikinsa."

Na juya maganar a raina. Na ce, "To me ake yi a cikinsa?"

Ya ce, "Ka shuka furanni. Ko ka ajiye mota."

Na ce keke gare ni, shi ma a ɗaki yake kwana. Ya yi murmushi, ya ce shi ba shi ya yi dokar ba. Na ce wa ya yi ta, in je in same shi? Ya ce tun kafin a haife shi take, wasu suka zo daga waje suka zana yadda garin zai zama, ana bi. Na ce su waɗannan ɗin, matansu a ina suke daka? Ya tayar da babur ya wuce.

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a unguwar Doka da nake wa wanki, mutumin kirki, ya yi karatu mai zurfi. Na kai masa guga na gaya masa. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani a tsanake. Ya ce filin nan don iska ne da haske, kada gari ya shaƙe. Ya ce in gobara ta tashi motar kashe wuta ta sami wurin juyawa. Ya ce ta nan bututun ruwa zai bi, kuma wata rana in motoci suka yi yawa za a faɗaɗa titin.

Na ce, "Yallaɓai, ashe nan ma a kan hanya nake? Ai don hanya aka tashe ni daga Abakpa."

Ya ce a'a, ba a kan hanya nake ba, ina kan inda hanya za ta iya zuwa ne. Wallahi na so in gane. Maganar gobara ta shige ni, don na ga yadda wuta ta cinye wani lungu mutane suna tsaye da bokiti. Amma sauran ya ƙi zama a kaina. Da zan fita na bi ta baya in ɗauki ƙunshin wanki, sai na ga ya kewaye wa matarsa wurin girki da shingen zana, a gidan gwamnati. Ya ga ina kallo. Ya ce, "Ni ma haka nake fama. In an ce in cire, ban san yadda zan yi ba."

Na koma na sake tare mai duba gini. Wannan karon ya sauko daga babur, ya zagaya fulotin da ni. Ya ce katanga a gaba an yarda, amma kada ta wuce ƙugu. Na ce katangar da akuya za ta leƙa ta kai? Muka je ta baya. A can akwai wani siririn lungu da aka bari tsakanin fulotai, don shara da ruwan wanka da masu ɗaukar bokitin masai. Ya auna da ƙafa, ya ce nan ɗan kaɗan kawai ake bari, sauran in na ga dama in gina abin da nake so.

Na ce, "Har zaure?"

Ya ce, "Doka ba ta hana ba."

Na ce, "Wato baƙona ya shigo ta inda ƙazanta take fita, ƙaton titin nan kuma in juya masa ƙeya?"

Ya ce, "Ni ban ce ka yi ba, Baba. Na ce doka ba ta hana ba."

Na hau keke na tafi Rigasa na faɗa musu. Telan ya yi dariya har ya saki ƙafar keken ɗinki. Ya ce, "Mijin Yaya, in na zo gaisuwa zan toshe hanci in yi sallama." Ya ce in sayar da fulotin in dawo Rigasa, nan mai unguwa ne yake nuna wuri, ba mai zuwa da fenti. Na ce masa a Rigasar ruwa ma sai an yi tafiya. Mai ɗakina ba ta yi dariya ba. Ta gaji da zaman ɗaki ɗaya da yara a gidan ƙani, na gani a fuskarta.

Ta ce, "In aka toshe ƙofar gaban, daga titi za a gan ni?"

Na ce, "Sai bango."

Ta ce, "Lungun kuma ana iya share shi?"

Na ce ana iyawa.

Ta ce, "To ni dai kada a gan ni. Ko ta sama ake shiga, ba ruwana."

Duk da haka ban taɓa zauren ba. Na ce ƙila su manta, gari da girma. Malam ma haka ya ce, yana ta shafa farar ƙasarsa.

Ba su manta ba. Wata Alhamis da hantsi katafila ta shigo layinmu da 'yan sanda. Ba da mai babban fenti suka fara ba, daga bakin layi suka faro, gida-gida. Muka taya Malam fitar da alluna da buzu da littattafai. Ya tsaya a titi riƙe da buta yana kallo aka ture zaurensa, kwanon ya lanƙwashe kamar takarda. Na ce, "Allah gafarta Malam, yanzu ina za mu yi salla?" Ya nuna filin da aka share, ya ce, "Ai sun ce nawa ne. In ba a gini, a yi sujada."

Saura zaurena ke nan, katafilar ta mutu. Direbanta ya buɗe ya duba, ya zagi injin, ya ce sai an kawo wani ƙarfe daga gareji. Suka bar ta nan, bakinta yana duban dakalina. Na tambaye shi yaushe za su dawo. Ya ce, "Baba, in kana da abin cirewa, ka cire."

Na zauna a kan dakalin har la'asar ina duban titin. Faɗinsa ya isa a yi sallar Idi, tun safe kuma in ban da katafilar nan da baburin mai duba gini ba abin da ya bi ta kansa sai jakin mai itace. 

Washegari da na idar da asuba na ari tsani wajen Malam, na hau na cire kwanon zauren ɗaya-ɗaya, na zare ƙusoshin na miƙe su a kan dutse. Na ɓalle ƙyauren, na ɗauke shi a ka na kai baya. Na share lungun, na zuba toka. Sannan na ɗauki diga na fara fasa bangon baya, inda sabuwar ƙofa za ta zauna.